Rubutun da Alwala Ta Wanke

Duk ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma, gidan Dokta Kellumi da ke unguwar Damilu a Yola ba ya shiguwa don dariya. A lokacin ne ake nuna *Kwana Uku Ba Barci* a talabijin, wasan barkwanci a kan sababbin likitoci da ke shekarar horo, kuma Kellumi, wadda marasa lafiya suka sani da ɗaure fuska, ita ke fin kowa ƙyaƙyatawa. Har hawaye take yi. In aka nuna sabon likita ya yi barci a tsaye yana riƙe da ledar ƙarin ruwa saboda babu sandar ratayewa, sai ta bugi cinya ta ce, "Wallahi an yi haka! Ni ce nan!" In aka nuna babban likita ya tsare ƙaramin a gaban marasa lafiya yana tambayarsa ko a kasuwar Jimeta ya sayo takardar shaidarsa, sai ta ce har gyaran muryar da mutumin ke yi kafin ya fara zagi ba a manta ba.

Zahra ce ke zama a gefenta da faranti cike da gyaɗa. Ba 'yarta ba ce, ba kuma ƙanwarta ta jini ba, amma shekara goma sha ɗaya ke nan tana hannunta. Kellumi ta ɗauko ta tana 'yar shekara goma sha biyar, ba ta da kowa, ta sa ta a makaranta, yau ga ta ma'aikaciyar jinya da farar rigarta. "Ya Kellu" take ce mata, irin kiran mutanen Borno ga yayarsu, kuma a duniya babu kiran da ke sanyaya wa Kellumi rai kamar wannan.

Mai rubuta wasan, Nuruddeen, ɗan cikin garin Yola ne, kuma tare suka yi horo da Kellumi. Shi bai daɗe ba ya ajiye likitanci ya kama rubutu, mutane suka yi ta cewa ya yi asarar karatu. Kellumi ce ke kare shi. Takan ce likitoci sun yi shekaru suna kuka a taro kan yunwa da rashin barci da wulaƙancin da ake wa na ƙasa, ba wanda ya saurara, sai da Nuruddeen ya mai da abin dariya sannan iyaye suka fara tambayar 'ya'yansu, "Wai da gaske haka kuke yi?"

Ranar da abin ya juye mata, an gama shirin ke nan, aka nuno ɗan guntun na mako mai zuwa. Wata sabuwar likita ta naɗe hannun riga, hannunta tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu cike da rubutun biro. Wata tsohuwa a kan tabarma tana miƙo mata shuɗiyar butar roba mai jan ƙyalle ɗaure a mariƙinta, tana cewa, "Karɓi, 'yata. Marasa lafiya ba sa ƙarewa, Azahar kuwa tana wucewa."

Zahra ta miƙe zumbur, gyaɗa ta watse a ƙasa.

"Gogo! Ya Kellu, Gogona ce! Hamma Nuru ya sa Gogo a wasa! Dubi har jan ƙyallen!"

Ta ruga ɗakinta ta sauko da butar daga saman sif, ta gaske, wadda rana da shekaru suka koɗar, tana nuna wa yaran gidan. Kellumi ta yi murmushi domin ana kallonta.

Abin ya faru ne a ƙarshen shekarar 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta-da-ƙayar-baya, mutane suka yi ta shigowa Yola a ƙafa da a bayan motocin shanu. Asibitin da Kellumi ke horo ya cika har baranda, har gindin bishiyoyi. Katin marasa lafiya ya ƙare, aka koma yagar kwalin magani, shi ma ya ƙare. Sai sababbin likitoci suka koma rubutu a jikinsu: lambar gado ko tabarma, sunan magani, lokaci, da ɗan karan da ke nuna an riga an bayar. Hannun hagu shi ne rajista.

Amma musulmi na wanke hannu har gwiwa sau biyar a rana. Saboda haka suka yi doka a tsakaninsu: kafin ka yi alwala, ka kwafe abin da ke hannunka a hannun Hosea. Hosea abokin horonsu ne, kirista daga Michika, dogo mai faffaɗan hannu, kuma kafin la'asar za ka gan shi baƙi ƙirin da tawada kamar allon makaranta. Yakan ce in aka gama yaƙi zai kai kansa gidan tarihi a ajiye. Ranar da abin ya faru Hosea ba ya nan. Ya ji labarin an ga mahaifiyarsa a cikin waɗanda aka sauke a sansanin 'yan gudun hijira na Damare, ya tafi nema.

Gogo, gwaggon Zahra da ta raine ta, tana tabarma ta tara. Mai ciwon suga ce, ta yi kwanaki a hanya ba magani, ta iso ƙafafu a kumbure, ba ta riƙo komai daga gidanta ba sai yarinyar da butar. Da misalin sha biyu da rabi Kellumi ta yi mata allurar insulin, ta ja kara a hannunta. Kwananta biyu ke nan ba ta kwanta ba, rabonta da abinci tun biskit ɗin jiya. Wajen ƙarfe biyu tsohuwar ta kama gefen rigarta ta miƙo butar da waccan magana. Zahra na wurin, ta ji, sannan ta ɗauki kwano ta tafi layin abinci. Kellumi ta tsuguna a bayan baranda ta yi alwala, kuma ba ta tuna da Hosea ko rashin Hosea ba sai da ta ga ruwa mai shuɗi-shuɗi na ɗiga daga gwiwar hannunta.

Ta yi salla ta dawo. Ta dubi hannun, babu komai sai dabbare. Tsinken gwajin suga ya ƙare tun safe. Ta tsaya a kan tsohuwar tana ƙoƙarin tuna ko ta yi allurar ko jiya ce take tunawa, domin kwanakin sun manne da juna. Ta tambaye ta, Gogo ta ce, "Allurai dai ana ta yi mini, 'yata, ke kika san lissafinsu." A bakin ƙofa wata mota ta tsaya da masu rauni, ana kiran likita. Kellumi ta zuƙi maganin ta sake yi mata, ta ruga.

Kafin la'asar Gogo ta yi barci. Zahra ta dawo da shinkafa ta zauna tana yi mata fifita don kada ƙuda ya tashe ta. Ba ta tashi ba.

Nuruddeen ne ya samu Kellumi a bayan ɗakin ajiya tana murza hannunta kamar za ta dawo da rubutun. Ta gaya masa komai. Sai ya ɗauko takardar shaidar mutuwar Gogo ya rubuta cewa ciwon ne da wahalar tafiya suka ci ƙarfinta. Ya ce, "Daga ni sai ke sai Allah. Ko matar da zan aura ba za ta ji ba." Bayan kwana uku Kellumi ta je ta kama hannun Zahra ta tafi da ita gidan nata iyayen. Mutane suka yi ta yaba mata kirki, ita kuwa duk yabon nan ji take kamar ana zuba mata barkono. Daga baya ta so yarinyar so na gaskiya, wanda ba shi da alaƙa da biyan laifi, kuma wannan son ne ya ƙara ɗinke mata baki.

Ran Litinin ba ta je asibiti da wuri ba. Ta tari keke zuwa Bekaji, inda Nuruddeen ya kama wani gida ya mai da falonsa ɗakin marasa lafiya na wasa, da gadaje uku da sandar ƙarin ruwa da aka yi da bututun famfo. Ta same shi a gaban kwamfuta, ya yi ƙiba, gemunsa ya fara furfura.

"Dokta da kanta! Jam na, lafiya dai? Kin zo a ba ki fitowa ne? Akwai gurbin matron mai masifa."

"Rufe ƙofa, Nuru."

Ya dubi fuskarta, ya rufe.

"Allurar tana ciki?" ta tambaya.

Ya sosa gemu. "Kellu, na canja suna, na canja gari. Ba wanda zai..."

"Ka canja jan ƙyallen? Yarinyar nan tun shekaranjiya take waya tana gaya wa ƙawayenta su kalli Gogonta. Nas ce, Nuru. Ta san abin da insulin biyu ke yi wa tsohuwar da ba ta ci abinci ba. Ina tambayarka, allurar tana ciki?"

"Tana ciki."

Ta zauna a bakin gadon wasa. Shi kuwa sai ya fara abin da ya fi iyawa, wato magana. Ya ce ai ba laifinta ya nuna ba, laifin waɗanda suka bar yarinya 'yar shekara ashirin da shida da mutum sittin ba takarda, ba barci, ba babba a kanta. Ya ce har gobe ana sa sababbin likitoci kol, aikin kwana uku ba hutu, kuma wannan kashin na wasan ne zai sa a ji. Ya ce duk abin da ta yi ta yabawa a wasan, na wani ne: barcin tsaye na wani ne, zagin na wani ne, kuma ba ta taɓa zuwa Bekaji ta tambaya ko masu abin sun yarda ba.

Wannan ta shige ta, domin gaskiya ce. Amma gaskiyarsa ba ta rage mata komai ba.

"Su ba ka rantse musu ba," ta ce. "Ni ka rantse mini. A bayan ɗakin ajiya, hannunka a kan kafaɗata. Ka ɗauki yunwata, ka ɗauki barcina, ka ɗauki duk zagin da na sha, na ba ka. Wannan kam ba nawa ba ne ni kaɗai. Gwaggon mutum ce."

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Sannan ya ce, "Shi ke nan, Adda Kellu. Zan yanke allurar. Za a tsaya a alwala, rubutu ya goge, ta rikice, a yi dariya, a wuce."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ta san mutumin da ya karya na farko ne ke yi mata na biyu. Ta sani sarai. Amma yarda da shi ya fi mata sauƙi a kan ta zaunar da Zahra, saboda haka ta yarda. Kwana biyar ta samu. Ran Laraba suna tsinke zogale su biyu a tsakar gida, ba kowa, har ta buɗe baki ta ce, "Zahra," yarinyar ta ɗago ta ce, "Na'am, Ya Kellu?" da fuskar nan tata a sake, sai Kellumi ta ce ta ƙaro ruwa a tukunya. Ran Juma'a Zahra ta wanke butar da sabulu, ta sake ɗaure ƙyallen, ta ajiye ta a kan teburin talabijin wai Gogo ma ta ga kanta. Ta sake ba yaran labarin da ta saba bayarwa, yadda aikin ƙarshe da Gogo ta yi a duniya shi ne tunatar da likita salla. Kellumi ta ce abin da ta saba cewa: "Allah Ya ji ƙanta."

Asabar ta zo. Shirin ya fara da dogon likita mai hannu baƙi da tawada, wanda ya ɗaga hammata ana karanta masa magani, gidan ya kece da dariya. Sai tsohuwa da buta. Zahra ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa tana murmushi. Likitar wasan ta yi alwala, ta dubi hannunta fes, ta zaro ido, ta leƙa cikin magudana tana roƙon ruwan ya dawo mata da rubutun tabarma ta tara. Har Kellumi sai da ta saki numfashi. Nan ne za a wuce.

Ba a wuce ba. Likitar ta koma kan tsohuwar da sirinji, tana nuna shi sama da ƙasa, tana cewa, "Na yi? Ban yi ba? Na yi? Ban yi ba?" Tsohuwar ta ce, "Ke kika san lissafinsu, 'yata." Likitar ta ɗaga kafaɗa, ta caka mata, ta ruga. Sai tsohuwar ta ɓingire da wani irin munshari da aka ƙara wa ƙara har tagogi na rawa. Aka girgiza ta, aka buga mata murfin tukunya a kunne, akuya ta shigo ta cinye mata shinkafa. Can dogon likitan ya dawo da gudu ya ɗura mata zuma a baki, ta farka firgigit tana cewa, "Wa ya ɗauki butata?"

Yaran suna birgima a kan kafet. Kellumi ba ta iya juya wuyanta ba, amma ta ji lokacin da dariyar da ke gefenta ta tsaya. Ba ta tsaya gaba ɗaya ba. Ta ragu, ta ɗan sake tasowa, sannan ta mutu.

"Ku fita ku yi wasa," in ji Zahra. Muryarta ta asibiti ce, yaran suka fita ba musu.

Ta kashe talabijin. Ta tsaya a gaban Kellumi.

"Gogo ba ta ci komai ba ran nan. Ni na je karɓo mata. Sau nawa kika yi mata?"

Kellumi ta nemi wata magana da za ta fara da ita, kwana biyu ba barci, Hosea, motar masu rauni. Duk suna nan, duk gaskiya ne. Ta ce, "Biyu."

"Tazarar awa nawa?"

"Ba ta kai biyu ba."

Zahra ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai karɓar bayanin mara lafiya daga nas ɗin safe.

"Ina zaune a kanta ina mata fifita," ta ce. "Tana ta gumi, na ce zafi ne. Akwai shayi a kwanon matar da ke kusa da mu, da suga a ciki. Da wani ya ce mini in tashe ta in ba ta... Tun ina aji biyu a makarantar jinya, ranar da aka koya mana alamomin faɗuwar suga, na gane abin da na gani. Na ɗauka ni ce. Na ɗauka daɗewar da na yi a layin abinci ce ta kashe ta. Shekara biyar ina ɗauke da wannan, Ya..." Ta tsaya, ba ta ƙarasa kiran ba. "Ban gaya miki ba don kada in ɓata miki rai."

Kellumi ta ji kamar an zare mata ƙasa. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka shirunta na kare yarinyar ne, ashe a ɗaki na gaba da nata yarinyar ce ke biyan shirun.

"Zahra, wallahi ban sani ba. Da na san haka kike..."

"Kuskuren ba ya ba ni mamaki. Ni ma ina aikin nan, na san yadda ido ke rufewa mutum na tsaye. Da kin gaya mini, da na yi kuka, da na haƙura." Ta ɗauki butar daga kan tebur ta rungume. "Amma sau nawa na ba ki labarin butar nan? Sau nawa? Kina kallona kina cewa Allah Ya ji ƙanta. Sai a talabijin zan ji, da akuya a ciki."

Ta shige ɗakinta. Ba ta buga ƙofa ba, a hankali ta rufe.

Wayar Kellumi ta yi ƙara a kan kujera. Saƙon Nuruddeen ne: "Na gwada yankewa, kashin ya mutu ba ita. Ki yafe ni. Amma kin gani ai, a nawa ba ta mutu ba. Na tashe ta, Kellu. Shekara goma sha ɗaya nake so in tashe ta."

Ta karanta sau biyu. Ta yarda da gaske yake, kuma ta tsane shi a kan haka fiye da in da ƙarya ya yi. Shi ya samu abin da yake so, ya ɗura wa tsohuwarsa zuma ya huta, ita ya bar ta da ta gaske. Ta goge lambarsa. Aka kira magariba, ta fita bakin famfo ta naɗe hannun riga, ta daɗe a tsugune ruwa na zuba kafin ta iya sa hannun a ciki.

Washegari da safe aka yi ta kiranta a waya. Abokan aiki na cewa wannan kashin ya fi duka, wata ma ta ce ɗalibanta sun rantse ba za su ƙara rubutu a hannu ba. Kellumi ta yi ta amsawa da "haka ne". Tana zaune a falo da kofin shayin da ya huce, Zahra ta fito cikin farar riga za ta tafi aiki. Ba ta haɗa kaya ba, jakarta ta kullum ce a kafaɗa, kuma Kellumi ta ji wani ɗan sanyi ya ratsa ta. Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta kamar yadda ta saba kowace safiya tun tana 'yar shekara goma sha biyar, idonta a ƙasa, cikin ladabi cikakke.

"Ina kwana, Dokta," ta ce.